Kalma Ɗaya Daga Salaga Zuwa Bawku

A shekarun da lori ta fara ƙwace wa jakai aiki, an yi wani falken goro a Salaga ana ce masa Amidu. Dogo ne mai yawan magana, ya taka daga Salaga zuwa Kumasi ya dawo sau ba adadi, har yana cika baki wai babu ƙayar da ba ta san tafin ƙafarsa ba a wannan hanya. Matarsa Asiatu kuwa mai waina ce a bakin kasuwa. Shi yana yawo, ita tana riƙe da gida: ita ce daka, ita ce jan ruwa a rijiya, ita ce itace, ita ce gaban tanda tun kafin rana ta fito. 'Yarsu ɗaya ta yi aure can Atebubu, saboda haka su biyu ne rak a gidan, in ka cire bakin Asiatu, wanda maƙwabta ke lissafa shi mutum na uku.

To, da damina sai kurkunu ya fito mata a gwiwar hagu. Kurkunu a Salaga ba labari ba ne, kowa ya san ana naɗe shi a tsinke a bi shi a hankali. Ita kuwa Asiatu ba ta san a hankali ba. Amidu yana Kumasi, ta ci gaba da daka da zuwa rijiya har tsutsar ta tsinke a ciki. Gwiwa ta kumbura, ta ɗauki zafi, ta ƙi lanƙwasa. Da ya dawo sai ya tarar da ita a tabarma tana jan jiki da hannu. Aka sha saiwa, aka sha rubutu, aka yi ƙaho, ƙafa ta ce ba ta san zancen ba.

Amidu ya tsorata ƙwarai, ko da yake bai faɗa wa kowa ba. Abu ɗaya yake so ya sani a duniya: matar nan za ta sake takawa, ko shi ke nan?

Aka ce masa akwai wani likita Bature mai yanka irin wannan gwiwa, amma ya fita rangadi, yana Yendi. Amidu ya ɗauki Asiatu cak, tana faɗa tana cewa ya sauke ta ita ba buhun dawa ba ce, ya ɗora ta a lorin wani Badagombe mai suna Zibrim, ya jera mata buhunan gishiri ta jingina.

Sai dai akwai abin da ke damunsa. Shi Amidu bai yarda da tafinta ba. Ba wai maƙaryata ba ne, a'a, tausayi ne ya yi musu yawa. Bature zai ce ƙafa ta mutu, tafinta ya juyo ya ce maka a ci gaba da addu'a. Shi kuwa yana so ya yi tambayar da bakinsa, ya ji amsar da kunnensa.

Allah da ikonsa, a cikin fasinjojin akwai wani saurayi mai gajeren wando da doguwar safa, yana rungume da laima. Tica Issahaku ke nan, ya gama karatu a Tamale, an tura shi koyarwa Bawku. Amidu ya matsa kusa da shi, ya ɓare goro fari ya miƙa masa rabi.

"Tica, magana ɗaya nake so. Yaya ake ce wa Bature, za ta yi tafiya?"

Tica ya dube shi sama da ƙasa. "Malam Amidu, ko na ba ka tambayar, in ya amsa fa? In ya ce ta yi, ko tana yi, ko za ta yi, ko da ta yi, yaya za ka bambanta? Turanci ba a cire masa ƙwaya ɗaya. Huhun za ka ɗauka gaba ɗaya."

Wannan magana ta shiga kan Amidu, don shi ma ba ya son mai kwance masa huhun goro saboda ƙwaya ɗaya. Ya gyara zama ya ce, "Bismillah."

"Kalmar ita ce wok," in ji Tica. "Kuma ka gode wa Allah, kalma ce mai biyayya, ba ta cikin 'yan tawaye. Ka ce: ai wok, ina tafiya. Yu wok, kana tafiya. Hi woks, yana tafiya. Shi woks, tana tafiya."

"Shi woks, yana tafiya," in ji Amidu.

"Tana."

"Ai shi ka ce."

"A Turanci shi ita ce."

Daga kan buhunan gishiri Asiatu ta ɗago kai. "Ni ce shi? La'ilaha illallahu! Maigida, ka ɗauko ni daga ɗakina za ka kai ni wurin mutumin da bai san mace da namiji ba, ka ce ya yanka mini ƙafa?"

Zibrim direba, wanda a Hausarsa ta zango uwarsa ma shi ce, ya buga sitiyari don murna. "Kun gani? Kullum ana dariya na. Yanzu Bature ma ya bi baya na. Mma, kai shi ne, ka yi haƙuri!"

Lori ta ɗauki dariya. Amidu bai yi ba, yana can yana fama da wani abu. "Tica, ni wok, kai wok, me ya sa ita aka liƙa mata wannan sss ɗin a ƙarshe?"

"Haka ƙa'ida take. Duk wanda ake maganarsa ba da shi ake magana ba, sai a ƙara masa."

"Wannan kam na gane," in ji Asiatu. "Ko a Salaga wanda ba ya wurin shi ake ƙara wa."

Ba su yi nisa sosai ba lori ta nutse a laka har gindi. Maza suka sauka. Aka tura, aka tura, ta fito, ta ƙara gaba kaɗan ta sake zama. Zibrim ya ce nauyi ne, kowa ya bi ta da ƙafa sai an wuce fadama. Amidu yana tafe laka har gwiwa, Tica yana gefensa ya buɗe laima, wai ga dama ta samu.

"Abin da muke yi yanzu sunansa wi a wokin. Muna cikin tafiya, ba mu gama ba."

"Wannan ba sai Bature ya gaya mini ba."

"Ka faɗa dai."

"Wi a wokin," in ji Amidu, ya zaro takalminsa daga laka. "Direban da na biya kuɗin kujera kuma yana can yana zaune."

Bayan fadamar suka iske leburori suna gyaran hanya, wasu da diga, wasu da kwanduna a ka. Hedimansu, wato shugabansu, yana tsaye kan tudu yana daka musu tsawa: "Wok! Wok!" Amidu ya ji daɗi har cikin ransa, karo na farko ke nan da Turanci ya fito daga bakin baƙo ya gane shi. Ya taɓa na kusa da shi. "Ka ji? Cewa ya yi su yi tafiya." Leburori kuwa ko gezau, sai ma suka ƙara sunkuyawa suna sara. Amidu ya girgiza kai. "Allah sarki, bayin Allah. Ba su jin Turanci." Tica ya buɗe baki zai yi magana, lori ta faɗa rami, ya ciji harshensa, laima ta buge shi a hanci. Asiatu ta dubi leburorin, ta dubi mijinta, ta ja tsaki kawai ta gyara ƙafarta.

Da suka isa Yendi, Tica ya ce tunda tafiyar laka ta wuce, sai a ce wi wokt. Ƙaramin t ne kawai ake liƙawa, magana ta koma jiya. Amidu ya yi mamakin arahar abin. Bai gama mamaki ba aka gaya masa a asibiti cewa likita ya tashi, ya nufi Bawku.

"Hi wokt," in ji Tica a hankali.

"Tica, don Allah ka rufa mini baki."

Asiatu ta ce a koma gida. Ta ce ta gaji, ƙafar ma ta gaji, kuma ita ba ta ga abin da zai sa a bi Bature har ƙarshen duniya ba. Ta faɗi haka ba tare da tsiwa ba, kuma wannan ne ya fi tsorata Amidu, don tun da ya aure ta bai taɓa jin muryarta ta yi laushi haka ba. Ya ce mata ko likitan nan sama ya hau sai sun nemo tsani. Lorin Zibrim dama Bawku za ta. Washegari ya sake ɗora ta kan gishiri.

Tsakanin Yendi da Gushegu aka shiga gobe. Shi wil wok, za ta yi tafiya. In kuma tambaya ce sai a juya kan da gindi: wil shi wok? Wannan ce maganar da Amidu ya baro Salaga dominta, don haka ya riƙe ta da hannu biyu. Ya tambayi Zibrim. Ya tambayi mai fura a Gushegu. Ya tsaya gaban wata akuya mai ɗingishi ya ce mata, "Wil shi wok?" Asiatu ta ce wa fasinjoji su shaida, ƙafa ce ta kawo ta, amma da alama kai za a duba wa wani.

Amidu ya ɗauka an gama. Ina! Ashe huhun da saura. Tica ya ce akwai na watakila, shi me wok. Akwai na iyawa, shi kan wok. Akwai na dole, shi mos wok. Akwai na hani, shi mos not wok, kada ta kuskura ta yi tafiya. Amidu ya haddace su duka yana gunaguni, ya ce Bature ya ɗauki tafiya ɗaya ya yanyanka ta kamar naman suna, alhali ƙafa biyu ce kowa yake da ita.

Suna gangara dutsen Gambaga, lori tana kuka, kowa ya riƙe abin da ya samu, Tica ya ce saura guda ɗaya, ita ce ta manya.

"Shi wud haf wokt. Da ta yi tafiya. Ana faɗin ta ne a kan abin da bai faru ba kuma lokacinsa ya wuce. Misali, da an kai ta asibiti da wuri, da..."

Bai ƙarasa ba. Ya ga fuskar Amidu, ya haɗiye sauran.

Amidu ya daɗe yana kallon dajin da ke ƙasa. Shi ya san inda yake lokacin da tsutsar ta tsinke: yana Kumasi yana taya goro yana shan hira, ita tana jan guga da ƙafa ɗaya. Ya ce, "Tica, wannan ka riƙe abarka. Muna da irinta a Hausa, kuma ba ta taɓa warkar da kowa ba."

"Ba ta cikin jarrabawa ma sosai," in ji Tica, yana wasa da laimarsa.

Asiatu ta dube shi. Ta miƙo hannu ta kakkaɓe wa mijinta busasshiyar laka daga kafaɗa, ta ce rigar ta zama abin kunya.

A Bawku suka rabu da Tica, ya nufi makarantarsa, ya bar wa Amidu wasiyya kada ya manta da sss. Likita kuwa yana nan, wani jan Bature mai gashi a hannu. Ya duba gwiwa, ya danna, Asiatu ta zage shi da Hausa, ya gyaɗa kai kamar ta gaishe shi. Aka shiga da ita, aka tsaga wurin, aka fitar da abin da ya taru, aka naɗe. Kwanaki suka wuce, kumburi ya fara sauka, zazzaɓi ya tafi, bakinta ya dawo. Amma ƙafa tana miƙe a gado, ba wanda ya ce a taka ta.

Ranar da likita zai ba da magana ta ƙarshe, aka ce tafinta ya tafi sunan ɗan ƙanensa. Amidu ya ce alhamdulillahi, dama ba a gayyace shi ba. Ya tare likita a baranda bayan ya fito daga ɗakin mata. Nan take duk Turancin da ya kwaso daga Salaga ya watse ya bar shi. Da ƙyar ya kamo guda.

"Wil shi wok?"

Likita ya tsaya, ya ɗaga gira, ya yi murmushi. Ya yi magana a hankali yadda ake yi wa mai koyo. "Yes. Shi wil wok."

Wayyo daɗi! Amidu ya ji kamar an sauke masa kayan da ya ɗauko tun daga Kumasi. Har ya ɗaga hannu zai yi godiya, sai likita ya ɗaga yatsa, fuskarsa ta canza.

"Bot shi mos not wok. No wok." Ya sake kaɗa yatsan. "Shi mos not wok."

Ya dafa kafaɗar Amidu ya wuce.

Amidu ya tsaya kamar an dasa shi. Ya san wannan, ta hani ce, a hanyar Gambaga ya haddace ta. Za ta yi tafiya, amma kada ta kuskura ta yi tafiya. Ya juya maganar ta nan, ya juya ta can, ma'ana ɗaya ya samu: ƙafar za ta iya, amma ranar da ta taka, ranar za ta kashe ta. Ashe Bature ma tafinta ne, ya fara ba ka mai daɗi kafin ya ba ka ta gaskiya. Ya je gindin wata bishiya ya zauna, dogon mutum, ya sa hannu ya rufe fuska. Ya yi kuka, kuma bai damu da masu wucewa ba.

Da ya wanke ido ya shiga wurin Asiatu yana washe baki. "Albishirinki. Ya ce lafiya lau, sai dai a ɗan huta."

Ta dube shi. "Maigida, kai ko ruɓaɓɓen goro ba ka iya ɓoyewa a ƙasan kwando ba, balle magana. Me ya ce? Da Turancin nake so."

Ya fara kame-kame. Ta ce ko ya faɗa ko ta sauko daga gadon nan yanzu ta bi likitan da kanta. Wannan ta sa ya yi saurin faɗa. "Shi wil wok. Bot shi mos not wok."

Asiatu ta sunkuyar da kai. Sai kafaɗunta suka fara motsi. Amidu ya ɗauka kuka ne, ya matso zai lallashe ta, sai ta fashe da dariya, irin wadda ake jiyowa daga bakin kasuwa har masallaci. Ta riƙe gwiwa tana cewa wayyo ɗinkina, tana ci gaba da dariya. Matan da ke sauran gadaje suka tashi zaune.

"Kai, Malam na Turanci! Wok ɗin biyu ne!"

"Biyu kamar yaya?"

"Lokacin da ake gyaran hanyar Salaga, wa ya sayar wa leburori waina tun daga farko har ƙarshe? Kullum hedima yana kaina yana ihu wok, wok, su kuma suna sara. Ka taɓa ganin an biya lebura don ya yi yawo? Wancan wok ɗin aiki ne. Cewa ya yi zan taka, amma ban da aiki."

Amidu ya zabura ya miƙe. Ya fita da gudu, ya tarar da likita yana wanke hannu. Ya taka gabansa, ɗaya, biyu, yana nuna ƙafa: "Wok?" Likita ya ce yes. Amidu ya kama taɓarya ta iska ya yi daka, ya ja guga ta iska: "Wok?" Likita ya ce no, no, no, yana dariya har da riƙe ciki. Amidu ya kama hannunsa jiƙe da sabulu ya girgiza, ya yi masa addu'ar da ta haɗa da iyayensa da kakanninsa.

Da ya dawo ɗakin sai ya tarar dariyar Asiatu ta ƙare. Tana kallon hannuwanta.

"To in ban yi aiki ba, wa zai yi?" ta ce. "Ruwa ba ya kawo kansa daga rijiya. Kai kuma kaka ta yi, fatake za su tashi Kumasi."

Amidu ya zauna a bakin gadon. Ya yi tunanin hanyar Kumasi, da inuwar kurmi, da hirar zango, da ƙayoyin da suka san ƙafarsa. Sannan ya dubi gwiwar da ke naɗe da farin ƙyalle. Ya gyara murya, ya jera kalmomin yadda Tica ya koya masa.

"Ai wil wok."

"Wanne daga ciki?"

"Wanda aka hana ki."

A wannan shekarar fatake suka tashi Kumasi ba Amidu. Mutanen Salaga suka ga abin da ba su taɓa gani ba. Da hantsi Asiatu takan fito dogare da sanda, tana takawa a hankali, ƙafar hagu tana ɗan jinkiri amma tana zuwa. Bayanta ga dogon falke da tulu a ka, rabin ruwan yana zuba a wuyansa, zani ɗaure a ƙugu saboda daka na jiransa a gida. Matan rijiya suka yi ta guɗa. Abokansa na rumfar goro suka riƙa kiran sa su tambaye shi nawa waina take yau. Wani ya ce masa, "Amidu, duk tafiyar nan har Bawku, me ka koyo?"

Kafin ya amsa Asiatu ta tsaya. Ta ɗaga sanda ta nuna ƙirjinta. "Ai wok." Ta juya ta nuna mijinta da tulunsa. "Hi wok."

Amidu ya riƙe tulun da hannu ɗaya, ruwa yana bin gemunsa. "Woks," ya ce. "Tica ya ce kada a manta da sss."

"Ai kana wurin," in ji Asiatu. "Sai ka ba da baya za mu ƙara maka."

Ta sa sanda a gaba ta ci gaba da tafiya, shi kuma ya rage tsawon takunsa don kada ya wuce ta.